Rigar Puyol mai lamba 5 ta kakar 2008/09: ta ci kuɗinta, amma a duba hannunta kafin a biya

Tsofaffin rigunan ƙwallo sun dawo kasuwa a Kano. Ba gwanjo nake nufi ba, sabon ɗinki ne da ake yi a kan fasalin rigunan shekarun baya, a buga musu sunan ɗan wasan da ya yi tashe a lokacin. Duk shagon kayan wasannin da ka leƙa za ka gan su a rataye: ta Ronaldinho, ta Henry ta zamanin Arsenal, ta Ronaldo ɗan Brazil, ta Okocha da ta Kanu. Kusan dukkansu na masu cin ƙwallo ne da gwanayen yanka. Sunan mai tsaron baya kuwa sai ka yi oda, ka ba da kafin alƙalami, ka jira. Ta haka na samu ta Carles Puyol, rigar gida ta Barcelona ta kakar 2008/09. Na saka ta a bazara, na saka ta a hunturu, ta sha wanki, yanzu na san halinta.

Ni kocin yara ne a unguwarmu, 'yan ƙasa da shekara 15, kuma da ina buga ƙwallo lamba biyar nake tsayawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wannan wurin ya san ba a ganin aikinka sai ranar da aka ci ku. Shi ya sa ba don ado kawai na nemi wannan riga ba. Ina so yarana su riƙa ganin sunan mai tsaron baya a bayan kocinsu, su tambaya waye shi, in samu ƙofar ba su labari. Mafi yawansu an haife su ne a ƙarshen zamanin wasansa ko bayan ya ajiye takalmi, ba su taɓa ganinsa a fili ba.

Mai shagon bai san zan yi wannan rubutu ba, don haka na bar sunansa. Abin da ya fara burge ni da shi gaskiyarsa. Ban tambaya ba ya ce mini: "Koci, wannan kwafi ce, sai dai mai kyau ce a cikin kwafi. Orijina ta wancan lokacin an daina yin ta tuntuni, in ma ka gan ta a intanet kuɗinta ya fi ƙarfina, ya fi ƙarfinka." Ya ɗauko mini kala biyu na wata rigar ya shimfiɗa a kan kanta don in ga bambanci da hannuna. Mai arahar tambarinta manne shi aka yi, yadin yana sheƙi yana ƙara in ka murza. Mai tsadar tambarinta ɗinki ne da zare, yadin ya fi laushi da kauri. Mai tsadar na zaɓa, kuɗinta ya ɗan haura na rigar bana mai irin darajarta. Ya ce in ba shi 'yan makonni, kuma bai saɓa ba. Wanda zai saya ya sani cewa kuɗin nan ba ya zuwa wajen ƙungiyar, kuma kada wani ya karɓi kuɗin orijina a hannunsa ya ba shi wannan.

Launi shi ne wurin da kwafi suka fi faɗuwa, nan kuma aka yi nasara. Jan Barcelona ba ja wur ba ne irin na Liverpool ko Manchester United, ja ne mai duhu kamar zoɓon da ya jiƙu sosai. Da yawa daga cikin waɗanda nake gani a jikin samari jan ya yi haske, ya kashe shuɗin. Tawa an dace da duhun, shuɗin ma ya zauna. Rigar wannan kakar ba ta da zane-zanen tsaye da aka san Barcelona da su, rabi biyu aka yi ta, ɓangare ɗaya shuɗi ɗaya ja. Ɗinkin da ya haɗa su a tsakiya ya miƙe sak tun daga wuya har ƙasa, bai karkace ba ko bayan wanki.

Wannan rabi-da-rabi yana da tarihi. Haka rigar ƙungiyar take a farkon kafa ta a 1899, kuma an dawo da fasalin lokacin bikin cikarta shekara 100. A shekarar bikin ce, ranar 2 ga Oktoba 1999, koci Louis van Gaal ya fara saka Puyol a babbar ƙungiya, a gidan Valladolid, suka ci 2-0. Ba lamba 5 yake sakawa a lokacin ba. Ya fara da 32, ya koma 24, sai a 2002 bayan tafiyar Abelardo lamba 5 ta zama tasa. Na faɗi wannan ne saboda na ga wani shago yana sayar da rigar bikin shekara ɗari an buga mata PUYOL da 5, abin da bai taɓa faruwa a fili ba.

Yadda ya iso wurin ma darasi ne ga yaran da ba su fara da wuri ba. An haife shi ranar 13 ga Afrilu 1978 a La Pobla de Segur, wani ƙaramin gari a gindin tsaunukan Pyrenees a yankin Kataloniya. Gola ya fara yi, ciwon kafaɗa ya fitar da shi daga raga ya koma gaba. Sai da ya kai shekara 17, a 1995, ya shiga makarantar horar da yara ta Barcelona, La Masia, alhali Xavi tun yana ɗan shekara 11 yake can. Aka gwada shi a tsakiya, aka mayar da shi lamba biyu. Akwai lokacin da ƙungiyar ta amince ta sayar da shi ga Malaga, ya ce shi ba inda za shi. Shekara guda bayan fara wasansa, a Oktoba 2000, Luis Figo, tsohon ɗan wasan Barcelona, ya dawo filinta na Camp Nou karon farko sanye da farar rigar Real Madrid, filin kamar zai tsage don ihu. Aka ce wa yaron mai dogon gashi aikinka ɗaya ne yau, duk inda Figo ya sa ƙafa ka sa taka. Ya bi shi har aka tashi, Barcelona ta ci 2-0. Daga wannan daren mutanen garin suka riƙe sunansa.

Tambarin ƙirji an yi masa ɗinki mai kyau, zaren bai tashi ba, kuma an rufe cikinsa da wani yadi mai laushi don kada ya riƙa gurzar fata. Na duba haruffan FCB, babu ɗigo a tsakaninsu, wanda shi ne daidai, don tun 2002 aka cire ɗigon. Akwai abin da masu saye a wajenmu suke tambaya, gara in faɗa: a saman tambarin, gefe ɗaya akwai jan gicciye a kan fari, alamar da ke cikin tutar birnin Barcelona, ɗaya gefen kuma zanen ja da rawaya na tutar Kataloniya. Wasu kwafin suna cire layin kwance su bar na tsaye. Tawa yadda yake a asali aka bar shi. Ni fili nake zuwa da ita, ba na shiga sahu da ita. Wanda abin ya dame shi ya duba tun a shago.

Duk lokacin da na taɓa ƙirjin rigar nan sai na tuna wasan Lokomotiv Moscow a gasar Zakarun Turai, Oktoba 2002, wanda wani ɗan Najeriya yake cikin labarinsa. James Obiorah ya samu ƙwallo ya wuce gola Roberto Bonano da ya fito nesa da ragarsa, ya rage daga shi sai raga sai Puyol. Mafi yawan 'yan baya a nan za su zube ƙasa da wuri, ko su sa hannu su karɓi jan kati. Puyol ya riƙa ja da baya yana rage masa faɗin raga, ya buɗe jikinsa kamar golan da ya taɓa zama, Obiorah ya buga, ya tare da ƙirji. Barcelona ta ci 1-0. Ina nuna wa yarana wannan a waya fiye da kowace ƙwallo da Messi ya ci, saboda a cikin daƙiƙu kaɗan akwai haƙuri, akwai karanta mai bugu, akwai rashin tsoron zafin ƙwallo. Kuma a wace kaka ya yi shi? Kakar da Barcelona ta ƙare ta shida a La Liga. Daga 1999 har 2005 ƙungiyar ba ta ɗauki wani babban kofi ba, koci yana zuwa koci yana tafiya. Mutane suna tuna Puyol da kofuna a hannu, suna mantawa cewa shekarunsa biyar na farko hannu rabbana ya yi su, kuma bai nemi ƙofar fita ba.

Rubutun unicef da ke gaban rigar ruwan ɗorawa ne, roba ce aka manna da injin zafi, kuma har yanzu bai tsage ba. Wannan rubutu yana cikin dalilan da suka sa na zaɓi wannan riga. Fiye da shekara 100 Barcelona ba ta sa sunan kowane kamfani a ƙirjinta ba, sai a 2006 ta sa na asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a lokacin ita ce ta riƙa biyan asusun yuro miliyan 1.5 a shekara maimakon a biya ta. A wannan kakar ta 2008/09 rigar Real Madrid sunan kamfanin caca na bwin take ɗauke da shi, ta Liverpool kuma na giyar Carlsberg. Mutumin da yake tsayawa gaban yaran mutane kullum da yamma dole ya kula da abin da ke rubuce a ƙirjinsa. Da wannan ban da fargabar haɗuwa da mahaifin kowane yaro a hanya.

Abin da aka yi a cikin rigar nan shi ne ainihin abin da mutum yake saya. Kakar koci Pep Guardiola ta farko ce, kuma ta fara da tuntuɓe: Numancia da ta hau sabuwa ta ci su 1-0, Racing Santander ta riƙe su 1-1 a gida. A gidajen kallo na Kano an yi ta cewa an ɗauko yaro an ba shi aikin manya. Daga nan suka kama ci babu ƙaƙƙautawa. Ranar 2 ga Mayu 2009 suka je Bernabeu, filin Real Madrid, suna gabanta da tazarar maki huɗu, Madrid ta daɗe ba a doke ta a gasar ba. Higuain ya fara ci da ka, Henry ya farke. Minti biyu bayan haka aka samu bugun tazara daga gefen hagu, Xavi ya ɗago ta, Puyol ya taho a guje babu mai tsaronsa ya sa mata kai ta wuce Casillas. Ya zare kambun kyaftin daga damtsensa, mai launin tutar yankinsu, ya sumbace shi a gaban 'yan Madrid. Aka tashi 6-2. A gidan kallon da nake zuwa benci ya karye a wannan ƙwallon ta biyu, ba a ta shida ba, domin ita ce ta juya wasan.

Wasan kusa da na ƙarshe na Zakarun Turai da Chelsea a Stamford Bridge, wanda Essien ya fara ci Iniesta ya farke a ƙurarren lokaci, ba ya ciki, katin gargaɗi ya dakatar da shi, kuma rigar waje mai ruwan ɗorawa suka saka ranar. Ya dawo ya ɗaga Copa del Rey ranar 13 ga Mayu bayan sun ci Athletic Bilbao 4-1. Sai wasan ƙarshe na Zakarun Turai a birnin Rum, 27 ga Mayu, da Manchester United mai riƙe da kofin. Nan ne na fi ganin girmansa a matsayin ɗan wasa. An dakatar da Dani Alves da Abidal, Marquez yana jinya. Guardiola ya janyo Yaya Toure daga tsakiya ya haɗa shi da Pique, ya sa Sylvinho a hagu, ya mayar da kyaftin ɗinsa mai shekara 31 lamba biyu, wurin da ya baro shekaru. Ta ɓangarensa Rooney ya fara, daga baya Cristiano Ronaldo ya riƙa faɗowa nan. Babu wanda ya samu hanya. Har Ronaldo ya fusata ya bangaje shi ya karɓi katin gargaɗi. Bai tsaya a baya kawai ba, shi ya tare ƙwallon da ya kutsa da ita gaba, harin da ya ƙare da Xavi ya ɗago wa Messi ya ci ta biyu da ka, kuma shi kansa sai da Van der Sar ya hana shi ci. Eto'o ne ya ci ta farko a minti na 10. Kofi uku a kaka ɗaya, abin da wata ƙungiyar Sifaniya ba ta taɓa yi ba kafin nan, kafin shekarar ta ƙare suka zama shida.

A nan ne aibin farko na rigar ya fito, kuma ya ɓata mini rai. Da na buɗe ledar a shago sai na ga hannu ɗaya an manna bajon La Liga, ɗayan an manna na Zakarun Turai mai taurari, a ƙirji kuma ga bajon zinare na zakarun ƙungiyoyin duniya. Babu wasan da ake saka bajon gasa biyu lokaci guda. Na zinaren kuwa sai a Disamba 2009 suka ci shi a Abu Dhabi, da suka doke Estudiantes 2-1, lokacin an riga an canza riga an koma mai zanen tsaye. Na ce masa: "Maigida, wannan ai ba a taɓa saka ta haka ba." Ya ce samari sun fi son mai bajo da yawa, shi ya sa yake sa yaronsa ya manna duka. Bai yi musu ba, ya sa aka ɗumama na zinaren da na La Liga aka ɗaye su. Sun fita, amma na ƙirjin ya bar ɗan tabon gam da ake gani in rana ta haska shi. Da tun farko na ce kada a manna komai sai ina tsaye, da ban samu wannan tabon ba, kuma shagon ne ya kamata ya tambaya kafin ya manna.

Aibi na biyu yana baya. Sunan da lambar an buga su a nan Kano ne, ba tare da rigar suka zo ba, kuma robar ba ta kai ta gaban inganci ba. Haruffan sun zauna daidai, ba su karkace ba, launinsu ya dace da na unicef ɗin. Amma bayan wanki kaɗan gefen cikin 5 ɗin ya fara ɗagowa. Na mayar, suka sake danna shi da injin ba su karɓi ko sisi ba, ya zauna. Tun daga nan juya ta nake yi ciki ya koma waje, a wanke da ruwan sanyi da hannu, ba burushi, ba matsewa da ƙarfi, a shanya a inuwa. Dutsen guga kada ya kusanci rubutun. Wanda zai ba wa mai wanki da guga ita ba tare da ya yi masa bayani ba, ya yi sallama da lambarsa.

Rini bai zuba ba, wannan na jinjina musu, don ja da shuɗi a riga ɗaya in ɗaya ya zuba shi ke nan. Yadin foliyesta ne. A hunturu da damina ba ta da matsala, gumi yana bushewa da wuri. A watan Afrilu da Mayu kuwa tana riƙe zafi a baya, daidai inda lambar take, saboda roba ba ta barin iska ta wuce. Awonta ƙarami ne. Wanda ya saba saka L ya ɗauki XL, musamman in yana da kafaɗa ko ciki.

Abin da na nema na rasa shi ne kambu. Shagon yana da kambun kyaftin na roba, baƙi da kore, masu harafin C, amma babu mai zanen ja da rawaya, kuma mai shagon ya ce ba wanda ya taɓa tambayarsa. A wajena rigar Puyol ba tare da kambun ba rabin kaya ce. Na sayi ƙyalle ruwan ɗorawa da jan ribbon na kai wa telan unguwarmu, na nuna masa hoto, ya jera layi huɗu ja ya sa roba a ciki. Ya yi kyau fiye da yadda na zata, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Ba ni nake saka shi ba, kyaftin ɗin yarana ne yake ɗaurawa ranar wasa.

Puyol ya karɓi kambun a 2004 da Luis Enrique ya yi ritaya, ya riƙe shi shekara 10. A kakarsa ta farko da shi suka ɗauki La Liga ƙarƙashin Frank Rijkaard, a ta biyu suka sake, suka haɗa da kofin Zakarun Turai a Paris ranar 17 ga Mayu 2006, inda Campbell ya fara ci wa Arsenal, Eto'o da Belletti suka juya wasan. Amma abubuwan da nake ba yara labari in zan miƙa kambun ba kofunan ba ne. A Afrilu 2012 suna ragargazar Rayo Vallecano a gidanta, wasan da ya ƙare 7-0, Thiago ya ci ya tsaya yana rawa da Alves. Puyol ya taho a guje daga baya ya raba su, ya kora su tsakiyar fili, don ba a yi wa wanda aka riga aka kayar rawa a gidansa. A Janairu 2013 a Bernabeu wani ɗan kallo ya jefo laita, Pique ya ɗauka zai kai wa alƙalin wasa, Puyol ya fizge ya jefar waje ya ce masa ya koma wurinsa, ana shirin kawo musu hari. A 2010 da Ronaldinho ya dawo Camp Nou da AC Milan a wasan kofin Gamper, shi ya janyo shi cikin hoton 'yan Barcelona, bayan wasa kuma ya miƙa masa kofin.

Wanda ya fi duka shi ne wasan ƙarshe na Zakarun Turai a Wembley, 28 ga Mayu 2011. Gwiwa ta hana shi wasa sosai a kakar, a benci ya fara, Xavi ne ya ja ƙungiyar suka ci United 3-1. Aka sako shi saura minti biyu, Xavi ya miƙa masa kambun. Eric Abidal kuwa a watan Maris aka yi masa tiyata aka cire ƙari daga hantarsa, ya warke ya buga minti 90 cif. Da aka zo hawa karɓar kofi, Puyol ya zare kambun ya ɗaura wa Abidal, ya tura shi gaba ya ɗaga. Ɗan wasa yana iya yin shekara 20 bai samu damar ɗaga wannan kofin sau ɗaya ba. Shi ya samu ta uku ya ba wa wani. A 2013 ya sake yin irinsa da kofin La Liga, ya bar wa Abidal da koci Tito Vilanova da yake fama da ciwon daji. A unguwa na sha ganin yara suna faɗa a kan wa zai riƙe kofin da bai kai tsawon hannu ba a hoto. Tun da na fara ba su wannan labari, wanda ya ji ciwo ko wanda bai samu shiga ba shi ake turawa gaba, ba tare da na ce komai ba.

Ba na cikin masu cewa ba shi da rauni. Tsayinsa mita 1.78 ne, gajere ne a wurin da yake tsayawa. Ba shi da ƙafar Marquez wajen dogon fasin, ba shi da natsuwar Pique da ƙwallo a ƙafa, kuma in mai gudu ya same shi a fili mai faɗi yakan sha wuya. Henry ya wahalar da shi a Paris, bayan wasan ma ya koka da dukan da ya sha a ƙafa. Abin da yake da shi shi ne tsalle a kan lokaci, da sa kai inda wasu suke janye ƙafa, da bakin da ba ya shiru, kullum yana gyara wa na kusa da shi tsayuwa. Wannan tsallen ne ya kai Sifaniya wasan ƙarshe na kofin duniya, ranar 7 ga Yuli 2010 a Durban, da ya taho daga nesa ya sa wa kwanar Xavi kai a minti na 73 ya fitar da Jamus. Ya buga wa ƙasarsa wasa 100, ya ɗauki kofin Turai na 2008 da na duniya na 2010. 'Yan'uwanmu na Kamaru kuma suna da abin tuna masa: yana cikin tawagar Sifaniya da su Mboma da Eto'o suka doke da bugun fenareti a wasan ƙarshe na Olamfik a Sydney a 2000, shekara huɗu kafin Eto'o ya zo ya zama ɗan wasa a ƙarƙashin kambunsa.

Irin wannan wasa yana da farashi, jikinsa ne ya biya. Gwiwa ta hana shi gasar Turai ta 2012. Da ya dawo ya karye a ƙashin kunci, sai gwiwa kuma, sai gwiwar hannu ta goce a wasan Benfica, duk a cikin 'yan watanni. Ranar 2 ga Maris 2014 ya ci Almeria ƙwallo, bayan kwana biyu ya kira 'yan jarida ya ce zai bar ƙungiyar a ƙarshen kaka, alhali da saura a kwantiraginsa, saboda gwiwar ta ƙi komawa yadda yake buƙata. Wasa 593 ya buga wa Barcelona, bai taɓa saka rigar wata ƙungiya ba, da La Liga shida da Zakarun Turai uku da Copa del Rey biyu. Lamba 5 ta koma hannun Sergio Busquets.

Wanda yake son rigar zuwa gidan kallo ko filin atisaye, mai tsadar ta wadatar, kuma zan sake saye a shagon nan saboda ba su ɓoye mini komai ba, da na koma da ƙorafi kuma ba su juya mini baya ba. Mai arahar ban ba da shawararta ba, janta ya yi haske, tambarinta kuma manne ne. Ka ce a kawo maka ita babu bajo, ka zaɓi ɗaya, La Liga ko Zakarun Turai, a manna kana tsaye. Ka ja gefen lambar da farce tun a shago, in ya motsa a sake dannawa. Ka ɗaga ta ka duba ɗinkin tsakiya ya miƙe. Ƙaramin awo na yara babu shi a wannan fasalin, na tambaya saboda lamba biyar ɗina na yanzu yana so, mai shagon ya ce sai an haɗa oda ta kai guda goma kafin a kawo. Iyayen yara shida sun riga sun ba da suna.